Haihuwa ta tsaya, karne ya shiga akwati: wa ke duba lafiyar iyayenmu mata?

A nan Tawa da ƙauyukan Adar, ciki da goyo ne ke koya wa mace hanyar likita. Tun daga cikin fari ake yanka mata karne, a auna tansiyonta, a duba jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da sange. In ta sauka lafiya, ta dawo da jinjiri allurar rigakafi. Haka za ta yi ta zarya shekara 20 ko 25. Ran da haihuwa ta tsaya, zaryar ma ta tsaya. Karne ya shige ƙasan akwati, kuma da yawa ba a sake ɗaura musu abin awon tansiyo a hannu sai ran da anka kwaso su ranga-ranga.

Ƴan'uwa, kowace ƙungiya cikinmu tana da irin waɗannan mata: masu shekara 50, 60, har 70. Su ne ke zaune gaban tabarma ranar zubi, wasunsu su ke riƙe da makullin akwati don an yarda da amanarsu. Kowa ya san nawa kowace ta zuba da nawa ta ranta. Tansiyonta fa, wa ya sani?

Yadda aka tsara abin tun daga sama

Ba sakacin tsofaffi ba ne kawai. Tsarin kiwon lafiyar mata a ƙasarmu an gina shi ne a kan haihuwa, kuma da dalili, tun da mata da jarirai da yawa sun rasa rai a wurin. A 2005 gwamnati ta maida aikin fiɗa na ciro jariri kyauta. A 2006 anka ƙara da awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Wannan ya ceci rayuka, ba mai musu. Amma in kun duba jerin, za ku ga mace mai shekara 55 ba ta da gurbi ciki, in ban da dokar 2007 da ta ce a kula da sankarar mata kyauta, wadda tsofaffinmu da yawa ba su ma taɓa jin labarinta ba.

Ko wajen ƙidaya haka ne. Babban binciken lafiya da anka yi a Nijar a 2012, wanda ya nuna mace ɗaya na haihuwar ɗiya 7,6 in an raba daidai, mata ƴan shekara 15 zuwa 49 anka yi wa tambayoyi. Wadda ta haifi bakwai ɗin nan ko goma ta gama, ta wuce 49, ba a tambaye ta yadda jikinta ya kwana ba. Abin da ba a ƙirga ba kuwa, da wuya a ware masa kuɗi.

Su wane ne waɗannan mata

Wanda ya san Keita ya san aikin da anka fara a 1984, bayan fari da yunwar shekarar nan, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. An yi shingen duwatsu, an haƙa ramukan tara ruwa, an dasa itace bisa tuddai da fako. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi biɗa. Su sunka ɗauki dutse a ka, a biya su da abinci. Yarinyar da ke da shekara 20 lokacin, yau ta ba 60 baya. Itacen da ta dasa ya yi inuwa, ita kuma ƙugu da gwiwa sun ƙi.

Ko wadda ba ta yi aikin Keita ba ta yi daka, ta ja guga a rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace daga nesa, ta sha hayaƙin murhu shekara 40. Kuma har yanzu ba ta huta ba. A Tamaske, Kalfu, Barmu, Afala ko Takanamat, in ɗa ya tafi Abijan, Libiya ko Nijeriya, uwarsa ce ke riƙe gida. Ita ke raba hatsi daga rumbu, ita ke karɓar yaye, ita ke kwana da suruka a likita ranar haihuwa. Ran da ta kwanta, gida ukku sun kwanta. Ƙungiya ma ta ji a jikinta, don mai jinya ba ta zuwa zubi, kuma bashin da ta ɗauka don sana'a magani ke cinye shi.

Abin da su da kansu ke kuka da shi

In kun zauna da su kun saurara, ba sunan cuta suke kawowa ba. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne abin da sunka daina iyawa. Wata ta ce ba ta iya zura zare a allura, ba ta iya tsince tsakuwa cikin wake. Wata ta ce salla a zaune take yi yanzu. Wata ta daina zuwa suna da gaisuwar mutuwa don ƙafa, mutane na cewa ta yanke zumunci. Wata haƙora sun zube, tuwo sai an jiƙa, nama kuwa sai ta miƙa wa jika. Kuma kusan dukansu da addu'a guda suke rufewa: Allah kar ya sa su zama kaya a hannun ɗiya.

Wannan kukan gaskiya ne, kuma da yawa cikinsa yana da magani. Mu ɗauki ido. Yanar ido, wadda ke sa gani ya yi hazo-hazo har baƙin ido ya koma fari, aiki ne ƙanƙane a hannun likitan ido. Ana cire yanar a sa wani ɗan madubi a madadinta, mutum ya koma gani. Abin tsoro shi ne kai ta wurin masu soke ido a gida, domin ido da yawa sun mutu ta nan. Wadda kuma gashin idonta ya lanƙwashe ciki yana gogar ƙwayar ido, sakamakon amodari na shekaru, ta bar tsige shi da hantsaki. Akwai ɗan aikin da ake yi wa fatar idon kafin gani ya lalace, kuma mata wannan ciwo ya fi kamawa. Rashin ganin abu na kusa bayan shekara 40 kuwa, sau da yawa tabarau kaɗai yake so.

Ciwon gwiwa da ƙugu ba ya warkewa tas, amma ana rage shi. Inda matsalar take shi ne ƙwayoyin da ake saye hannun masu talla a kasuwa, ja da fari cikin leda, a sha safe da dare wata da watanni. Wasunsu na cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga tansiyo. Wasu kuma na kumbura fuska har a ce tsohuwa ta yi ƙiba, alhali sukarinta ne suke tayarwa. Duk ƙwayar da inna ke sha kullum, a kwashe ta cikin leda a nuna wa majo ya gani.

Waɗanda ba su sallama

Akwai cututtuka biyu da tsofaffinmu ba su cika kawo kukansu ba, don ba su da zafi da farko: hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, da ciwon sukari.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan rabin manya masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Mutum na iya yawo da shi shekaru, yana daka, yana kasuwa, jinin yana matsa wa jijiyoyi da zuciya da ƙoda a hankali. Wata rana da asuba a ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Sai a ce iska ta buge ta. A yi addu'a, babu laifi, amma a yi ta bisa hanyar likita, domin awowin farko su ne masu tsada.

Awon kansa bai kai minti 5 ba kuma ba ya zafi. Lamba biyu ake samu. In ta kai 14 da 9, wato abin da inji ke rubutawa 140 da 90, ko ta wuce, kuma an sake aunawa wata rana dabam an samu haka, to akwai tansiyo. In ta kai 18 da 12, balle da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, wannan ba ta kwana a gida. Ga kuma inda da yawa ke tuntuɓe: su sha magani wata guda, su ji sauƙi, su aje. Maganin tansiyo ba kamar na zazzaɓi ba ne. Riƙe jinin yake yi, in an saki ya koma. Ba a tsayar da shi sai da izinin wanda ya rubuta. Ko da azumi, a tambayi majo yadda za a gyara lokacin sha.

Gishiri na da hannu ciki. OMS ta ce kar babba ya wuce giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To mu lissafa tukunyarmu: gishiri, dunƙulen magi biyu ko ukku, ga kanwa, ga yajin da anka daka da gishiri. In an rage kaɗan-kaɗan, baki na sabawa. Daddawa, albasa da tafarnuwa na rufe gurbin.

Ciwon sukari shi ma yana da alamun da ake ɗauka tsufa ne: ƙishirwa ba ƙarewa, tashi fitsari sau da yawa cikin dare, rama alhali ana ci, ƙafa na dindiris ko zafi kamar an taka garwashi, gyambon da ya ƙi warkewa. Ɗigon jini guda daga yatsa, da safe kafin a ci komai, ya isa a fara ganewa. In ya kai 1,26 ko ya wuce, sai a sake a tabbatar. Mai sukari ta riƙa duba tafin ƙafarta kullum, kar ta yi yawo ba takalmi, domin ƙaya guda na iya kai wa ga yanke ƙafa.

Maganar da kunya ke rufewa

Yanzu mu zo inda ba a son zuwa. Mafi yawan mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Zafin jiki da ke taso wa farat ɗaya, zufar dare, rashin barci, saurin fushi, duk suna iya zuwa tare da ita, ba sammu ba ne. Amma ku riƙe wannan da kyau: macen da al'ada ta ɗauke mata shekara guda cur, sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ba al'ada ce ta dawo ba. Ta je a duba ta cikin satin nan. Haka ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, haka jini bayan kwanciya da miji. Haka kuma ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fid da jini.

Sankarar bakin mahaifa na ɗaukar shekaru kafin ta zama sankara. A tsakanin nan ana iya ganin tabonta a kashe shi nan take, ba fiɗa. OMS ta ce a fara dubawa daga shekara 30, kuma a tsarin da ta fitar a 2020 tana son kowace mace a duba ta kafin 35, a sake kafin 45. Wannan ya shafe mu, mu masu arba'in da ɗoriya. Wadda ta wuce 50 ba a taɓa duba ta ba, ita ma ta tambayi ungozomar likita irin awon da ya dace da ita. In abin ya yi nisa, tafiya Yamai ce, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, inda anka fara gashi da inji a 2021. Kowa ya san abin da tafiya Yamai da majinyaci ke ci: kuɗin mota, masauki, abinci, da mai jinyar da ta bar gidanta. Awon da za a yi a Tawa ko a CSI mafi kusa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma zazzagowar mahaifa da kuɓucewar fitsari in an yi tari ko an ɗaga kaya. Haihuwa da yawa da ɗaukar nauyi ke kawo su. Mace na iya ɓoye wannan shekara 10, tana ƙunsa tsumma, tana zama nesa da mutane, tana fama da alwala. Ba za ta faɗa wa ɗanta ba, balle ɗan fari. Ba za ta faɗa wa surukarta ba. Kuma ba za ta kwanta gaban ma'aikaci namiji sa'an jikanta ba. Wa za ta faɗa wa? Ƙawarta ta ƙungiya, wadda sunka yi shekaru suna zubi tare. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, kuma wannan ma ana gyara shi a likita.

Me ke hana su zuwa

Kuɗi na ciki, amma ba rashinsu ne kaɗai ba. Tsohuwa in ta samu jika biyu, sai ta sayi sabulun jika ko ta ƙara a gudummawar biki, ta ce ita ai ta ci zamaninta. Ɗan da ke Abijan kuma, in an kira shi an ce inna ta faɗi, kafin la'asar ya turo jika 50 ta Nita ko Amana. In an ce ya turo jika 3 a kai ta awo alhali tana tafiya da ƙafarta, sai ya ce ba lafiyarta lau ba? Ba rashin so ba ne, ba a saba ba ne. Mu ne za mu saba musu.

Ga nisa. Daga wasu ƙauyukan arewacin Adar, zuwa CSI tafiyar amalanke ce ko kabu-kabu bisa duwatsu, abin da mai ciwon ƙugu ba ta jurewa. Ga layi: ta iske ƴan mata masu ciki da masu goyo cike da benci, ta ji kamar ta shigo wurin da ba nata ba. Ga kuma tsoro, wai in an auna za a gano wani abu. Eh, za a iya ganowa. Amma cutar da ba a auna ba ba ta fasa aikinta.

Wani sauƙi ya samu: daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a likitocin gwamnati da rabi. Ku tambayi farashi a wurin biya, ku karɓi takarda.

Abin da ke hannunmu

Tun da anka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da tallafin CARE, abin da anka gane shi ne mata ba su jiran mai kawo musu, da dala-dala suke gina abinsu. Yawancin ƙungiyoyinmu na da asusun taimako, amma dokarsa sai in an kwanta, ko an haihu, ko an rasu. Lokaci ya yi da za mu ƙara layi guda: asusun na biyan awo kafin a kwanta.

Ga lissafi. Ƙungiya mai mata 25, kowace ta ƙara dala 10, wato sefa 50, a sati. A wata an tara jika 5, a shekara jika 65. Da wannan ana iya sayen injin awon tansiyo mai batir a farmasi, wanda kuɗinsa bai kai na rago ba, a kuma biya kuɗin mota da na gwajin sukari ga waɗanda sunka haura 45. Ƙungiyoyi biyu ko ukku na gari guda na iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya.

A zaɓi mata biyu da sunka yi karatun yaƙi da jahilci, a roƙi majo ya koya musu awo. Wadda za a auna ta zauna ta huta minti 5, ba magana, hannu bisa wani abu daidai ƙirji, kuma ba ta sha shayi ko ta ci goro yanzu-yanzu ba. A sayi kaye dabam, a rubuta suna da rana da lamba, sau ɗaya a wata ranar zubi. Aikin masu awo ya tsaya nan: su auna, su rubuta, su tura likita. Ba su rubuta magani, kuma ba a ara wa wata maganin wata. Abin da ke cikin kaye sirri ne, kamar yadda bashin mutum sirri ne.

Sannan rakiya. Kar a ce wa tsohuwa “ki je likita” a tsaya nan. A haɗa ta da wadda za ta kai ta, ta riƙe mata ordonansi, ta ji bayanin ma'aikaci, ta nemi mace ta duba ta in abin na kunya ne. In an haɗa mata huɗu ko biyar rana guda, ranar kasuwa da mota ke samuwa, kuɗin tafiya ya ragu, kunya ma ta ragu. Kuma a sa ido ga masu shan magani kullum: in ya kusa ƙarewa a kira ɗiyansu tun da sauran kwana, a ce musu kuɗin maganin inna na wata-wata ne kamar kuɗin hatsi.

Lokacin bazara, watan Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ke wuce 40, a riƙa leƙa waɗanda ke zaune su kaɗai. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an miƙa masa ruwa.

Abin da za mu nema

Akwai abin da ya fi ƙarfin akwatinmu. Kowane CSI na da kwamitin lafiya da mutanen gari ke ciki. Mu shiga, mu yi magana da sunan ƙungiyoyi. Mu nemi a ware rana guda a wata ta awon manyan mata. Mu nemi ranar da ma'aikata sunka fito ƙauye allurar yara da awon ciki, su zo da injin tansiyo su auna kakannin da sunka kawo yaran, tun da ga su nan zaune. Mu nemi in ayarin likitocin ido zai zo, ko awon sankara na watan Oktoba, a sanar da shugabannin ƙungiyoyi da wuri, don mu ne munka san ɗakin da makauniya take. Magajin gari da ƴan majalisarsa sun san yawanmu ranar zaɓe. Su san shi ranar kasafin kuɗi ma.

A zubi mai zuwa, kafin a buɗe akwati, shugaba ta yi tambaya guda: wace ce cikinmu ta shekara ba a auna tansiyonta ba? A rubuta sunayen, a sa rana. Mu da ke cikin arba'in, layin nan muke bi, kuma dokar da munka kafa yau don su, ita za ta tarbe mu gobe. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.